Labulen Tagar Magani

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga babbar yayarsa, ina fatan kina lafiya, da maigidan, da 'yan biyunki masu hana mutum sakat. Ki ce musu kawunsu bai manta da motar katakon da ya yi musu alkawari ba, taya ɗaya ta rage.

Kada ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba. Na san akwai waya, amma wayarki ta kowa ce. Saƙon muryar da na turo miki kwanaki, ƙaramin 'yan biyun ne ya kunna shi a gaban surukarki har ta ji ina kiran ƙanin mijinki da sunan da muke kiransa. Wannan maganar ba ta kunnawa ba ce. Ki karanta ke kaɗai.

Baba ya daina karɓar maganinsa, kuma ya rufe shago.

Kin san asibitin nan na bayan layinmu inda yake zuwa duk wata. Ba ki taɓa shiga ɗakin karɓar magani ba, to bari in zana miki shi. Benci ne a jere kamar na tasha, da fanka a sama mai kuka kamar ana yanka ta. A gaba akwai taga mai gilashi mai kauri, da ɗan rami a ƙasa wanda hannu kaɗai ke shiga. Matar da ke bayan gilashin, da muke ce wa Mai Taga, sai ta kira sunanka, ka taso ka tsaya. Daga nan sai ta ɗaga murya yadda za ta keto gilashi da kukan fanka, ta faɗi sunan maganin, da ciwon da yake yi wa aiki, da yadda za ka sha, da abin da za ka yi in kaza da kaza suka sake faruwa da kai. Wanda ke bencin ƙarshe ma yana ji sarai.

A zuwan Baba na ƙarshe, Mai Rediyo yana zaune a benci na biyu. E, shi dai, mai sayar da katin waya kusa da shagonmu. Kafin Baba ya iso gida labarin ya riga shi. Washegari bencin ƙofar shago ya cika da masu jaje. Wani ya kawo ruwan magani a gorar lemo, wani ya ce kawunsa ma da haka ya fara, Allah ya jiƙansa, wani kuma ya ce shi da ma ya lura. Ya lura! Baba ya miƙe tsaye. Ya ninke yadin da ke hannunsa, ya rufe keken ɗinki da ƙyallensa, ya sa kwaɗo, ya taho gida. Tun ranar bai koma shago ba, bai koma asibitin ba.

Na ce zan je in karɓo masa. Suka ce sai mai ciwon ya zo da kansa an duba shi tukuna. Shi kuwa ya ce ƙafarsa ta gama taka ɗakin nan. Umma ta yi lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, duk a banza.

Abin da ke ƙona min rai, Yaya, kin san wane ne Baba. Shekarunsa nawa yana ɗinki, kin taɓa jin ya faɗi awon mutum da baki? Ya zagaya tef a ƙugun mutum, ya danne wurin da farcen babban yatsa, ya juya baya, ya je ya sa alli a jikin yadi. Ko mai rigar bai jin lamba. Ina ƙarami na taɓa leƙa tef ɗin na yi shelar faɗin tumbin wani alhaji, Baba ya murɗe min kunne ya ce cikin mutum nasa ne, mu aro aka ba mu mu auna. Yau mutumin da ya rufe wa unguwa guda tumbi shi aka kwance wa zani a bainar jama'a.

Gobe zan roƙi Oga, kafintan da nake wa aiki, ya bar ni in bar wurin aiki da wuri. Zan je asibitin, kuma za su ji ni.

Ki gaida kowa. Ki yi wa Baba addu'a.

Ƙaninki,
Barkono


Yaya,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya haƙuri da mu? Takardarki ta iso, na karanta ta a bayan shagon Oga ina zaune a kan tulin katako. Na ji faɗan. Kin ce in riƙe bakina kada in ja wa gidanmu abin magana. Takardar ta makara, na riga na je.

Na kuma ga tambayarki, har sau uku kika maimaita ta: wane ciwo ne? Kin ce ke ce babba, kuma tunda duk layi ya sani, me ya sa ke za a ɓoye miki. Yaya, ki yi haƙuri, ba zan rubuta ba. Layi bai sani don an ba shi ba, sata ya yi. In na ɗauko daga can na miƙo miki, na zama mai rarraba kayan sata. Ciwon na Baba ne, labarinsa ma nasa ne. Abin da zan iya gaya miki shi ne yana jin magani in ana sha, kuma ba a sha. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, shi da ya ɗinka ta cif a jikinsa.

Ga yadda zuwana ya kasance. Na shiga da ƙurar katako a gashina, na wuce layi, na buga gilashin da tafin hannu. Na tambayi Mai Taga ko aikin shela aka ɗauke ta, in haka ne a sayo mata lasifika ta hau rufi. Na faɗi wasu maganganun da ba zan sa a takarda ba. Ina cikin zuba sai na ji bakina ya ce, “Mahaifina da ke fama da...” Wallahi Yaya kalmar tana kan harshena. Ɗaki ya yi tsit, kowa ya miƙo wuya. Na haɗiye ta da ƙyar kamar na haɗiye ƙusa. Saura ƙiris ni da na zo kare shi in ƙarasa aikin Mai Rediyo.

Mai gadi ya riƙo ni ta wuyan riga, sai ga shugaban wurin ya fito, wani mai kwat da ƙamshin turare. Ya saurare ni rabi da rabi, ya ce yaro, ciwo ba abin kunya ba ne, wanda bai yi laifi ba ba ya ɓoyo. Na ce ranka ya daɗe, in ka shiga banɗaki kana rufe ƙofa, laifin me kake yi a ciki? Na ce ofishinka ƙofa biyu ne da sakatare a tsakani, me kake ɓoyewa? Sai ya ce a fitar da ni. Aka fitar da ni har bakin titi, takalmina ɗaya ya biyo ni daga baya.

Kin san ni da tsofaffin littattafan da nake tsinta wurin mai sayen takarda a kilo. Akwai wani marar bango da na taɓa karantawa, ya ce abin da marar lafiya ya gaya wa mai magani amana ce. Na daɗe ina ɗauka amana ta kuɗi ce da kaya. Ashe har abin da ke cikin jikinka, in ka buɗe wa mutum don ya taimake ka, ajiya ka ba shi.

Ban tafi ba, na zauna a kan dakalin waje ina huci har aka tashi. Sai ga Mai Taga ta fito da jakarta. Na zaci zagi za ta rama. Ta tsaya ta dube ni ta ce, kai ne ɗan tela ko? Muryarta a dishe take, Yaya, kamar ta wanda ya wuni yana talla. Ta ce ita ma ba son ihun take ba. Rabin masu zuwa ba sa iya karanta abin da ke jikin kwalin, kuma an taɓa samun tsohon da bai ji ta da kyau ba ya sha na kwana uku a rana ɗaya, da ƙyar aka ceto shi. Tun ranar ta gwammace kowa ya ji da a ce mai maganin bai ji ba. Ta ce akwai wata ƙofar gefe da aka toshe da tsofaffin kwalaye, ta sha roƙon a buɗe ta a yi ɗan lungu inda za ta yi magana da mutum fuska da fuska, ana ce mata babu kuɗi kuma babu wanda ya yi ƙorafi.

Sai ta faɗi abin da ya tsaya min a rai. Ta ce kullum akwai sunayen da take kira ba a amsawa, alhali tana ganin masu su a zaune. Suna jira wanda suka sani ya fita. Wasu har a tashi ba su taso ba, su koma gida hannu wofi. Ashe Baba ba shi kaɗai ba ne.

Na ba ta haƙuri, ta ce in je Allah ya shirye ni. Ina tafe ina juya maganar nan ta waɗanda ba sa amsawa. Akwai abin da nake saƙawa, sai ya nuna zan gaya miki.

Umma tana gaishe ki. Ki daina fushi da ni.

Naki,
Barkono


Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya ke da mutanen gidan. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan, don ni da nake rubutawa na kasa zama.

Mun yi su, Yaya! Kuma ban ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ni ɗin nan!

Na fara tunanin in tara mutane mu je ofishin Mai Kwat, sai na ga wauta ce. Duk wanda ya bi ni ya nuna kansa ke nan, za a ce me yake ɓoyewa. Mutanen da ke gudun a ji su ba za su yi maci ba. Amma akwai abin da suka riga suka iya, wato zama shiru in an kira su. Na ce to mu yi shi gaba ɗaya, rana ɗaya, yadda ba za a gane na wa ne ba.

Na yi ta zuwa da hular Oga a kaina don kada mai gadi ya gane ni, ina zama a benci kamar mai jiran layi, ina raɗa wa na kusa da ni. Ban tambayi kowa abin da ya kawo shi ba. Wasu suka matsa gefe suna zaton mahaukaci ne. Wadda ta ɗauki abin da zafi wata tsohuwa ce da ake ce wa Iya Mai Sanda, ba ta da haƙori ko ɗaya amma bakinta ya fi nawa kaifi. Ta ce ɗan nan, jikokina ma ba su san abin da nake sha ba, amma mai gyaran taya na bakin titi ya sani, har yana tambayata ya jiki da ido ɗaya a kanne. Ita ta ɗauki ɓangaren mata.

Ranar da ɗakin ya fi cika muka zaɓa. Mai Taga ta kira suna na farko. Shiru. Ta kira na biyu, na uku. Ba abin da kake ji sai fanka. Ta ɗago ta dube mu ta cikin gilashi, idonta ya faɗo kaina, ta mai da kai ƙasa ta ci gaba da kira kamar ba ta gane komai ba. Na san in mutum ɗaya ya miƙe shi ke nan.

Sai aka kira wata yarinya mai goyo, jaririnta jikinsa zafi rau, yana ta kuka. Ta dubi taga, ta dubi Iya, hawaye ya cika mata ido. Ban yi tunanin wannan ba ko kaɗan, na ji kunya ta rufe ni. Iya ta buga sandarta a ƙasa ta ce tashi ki karɓo wa ɗanki, 'yar nan, mu kurame ne. Ta ajiye sanda ta toshe kunnuwanta da yatsu. Ta kusa da ita ma ta toshe. Kafin yarinyar ta kai taga, duk ɗakin, dattawa masu furfura, 'yan kasuwa, wani ɗan sanda da kakinsa, kowa yatsu a kunne. Har mai gadi na gani ya ɗaga hannu ɗaya ya rasa yadda zai yi da shi.

A haka Mai Kwat ya shigo ya same mu. Da kin ga fuskarsa! Yana magana ba mai jin sa, sai da yarinyar ta bar taga muka sauke hannu. Ya ce wane ne shugaban wannan shirme, kuma wane irin ciwo ne da ku da ba a son a ji? Iya ta ce ɗana, kai ma ai kana shan wani abu, don ba a kai shekarunka da wannan tumbin a banza. Zo ka tsaya a tagar nan a karanto mana naka, in ya so mu biyo baya. Dariyar da aka yi har fanka ba a ji. Shi ma, don Allah ya gani, sai da gefen bakinsa ya motsa.

Ya koma kan maganar babu kuɗin gini. A nan na cire hular Oga na miƙe. Na ce ranka ya daɗe, ni kafinta ne, ogana ya ba ni ragowar falanki, ƙusa da hannu nawa ne, ƙofar gefe kuma tana nan a bayan kwalaye. Izini kawai muke nema. Ya dube ni ya ce, ba kai ne mai maganar banɗaki ba? Na ce ni ne, kuma yau ma a kanta nake. Ya dubi mutanen da ke zaune ba mai niyyar motsi, ya ce a kwashe kwalayen.

Mun kwashe su a take, ɗan sandan nan ma ya ɗauki biyu. Ranar a bakin ƙofar gefe Mai Taga ta sallami kowa, da murya ƙasa ƙasa, sauran suna nesa.

Na ba Baba labari da na koma. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba ko a wurin tumbin. Ya ce an kyauta, ya juya fuska bango. Wannan ya rage min daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Amma gobe zan fara aiki.

Ƙaninki mai kunnuwa a toshe,
Barkono


Yaya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da maigidan da 'yan biyu. Motarsu tana hannun direba tare da wannan takarda, tayoyi huɗu cif, kada su yi faɗa a kanta.

Lungun ya tashi. Bango biyu na falanki har sama, na cusa tsummoki da soso a tsakaninsu don su shanye sauti, na sa ɗan benci da kanta. Na gwada shi da Oga: ya shiga ciki ya zage ni son ransa, ina waje ban ji komai ba, sai da ya fito ya maimaita min. Abu ɗaya ya gagara. Wurin ya yi ƙunci, in na sa ƙofa za ta bugi bencin gaba. Sai labule, mai nauyi, ninki biyu.

Na zo gida ina ta mita a tsakar gida, da gangan, kusa da tagar Baba. Na ce wa Umma zan kai aikin labulen wurin telan bakin kasuwa, wanda ke ɗinka hannun riga ɗaya ya fi ɗaya. Na ce na auna da idona, zai kai kamu kaza, ko ya ɗan fi, ko ya ɗan gaza, ba komai. Ban rufe baki ba sai ga Baba a bakin ƙofa da tef a wuya. Ya ce da ido ake awo a gidan uban wa? Umma ta juya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi.

Tare muka tafi, yana tafiya a hankali, ni ina riƙe bakina da hannu biyu. Ya shiga ɗakin da ya rantse ba zai ƙara takawa ba, bai dubi kowa ba. Ya ja tef daga sama zuwa ƙasa, ya danne da farce, ya juya baya. Ko faɗin ƙofa bai faɗa da baki ba, Yaya! Daga can shago ya wuce, ya buɗe kwaɗo, ya yaye ƙyallen keke. Da na ji ƙarar keken nan daga bakin layi sai da na tsaya na jingina da bango.

Yadi mai kauri ya zaɓa, ruwan toka, ya sa masa dalma mai nauyi a ƙasa don kada iskar fanka ta ɗaga shi. Da muka rataya, ya ja shi hagu, ya ja shi dama, ya tsuguna ya duba ko ana ganin ƙafa. Mai Taga tana tsaye daga ciki. Ta ce Baba tela, ai sai an gwada a ga ko yana aiki, kuma likita bai tashi ba tukuna. Baba ya ɗan tsaya. Sai ya cire tef daga wuyansa ya miƙo min, ya ce riƙe min. Ya ga likita, ya dawo, ya shiga bayan labulensa ya ja shi.

Ina tsaye taku biyu daga wurin, kuma ban ji ko kalma ɗaya ba. Ban taɓa jin daɗin rashin jin magana irin na ranar ba. Ya fito da ƙullin leda a aljihu, ya karɓi tef ɗinsa, ya ce gefen hagu ya ɗan sauka, ƙusata ce ta karkace.

Yana sha yanzu, a kan lokaci, Umma ce shaida. Bencin ƙofar shago ya koma hirar ƙwallo da tsadar kaya. Mai Rediyo kuwa yana nan yana gaya wa duk wanda ya zo sayen kati cewa shi yana cikin na farko da suka shiga bayan labulen, har da abin da aka ba shi da yadda yake sha. Na buɗe baki zan yanka masa magana, sai na fasa. Wannan nasa ne, in ya ga dama ya hau rufi da shi.

Na gaya wa Baba kin tambaya har sau uku kuma na hana ki. Ya ce ashe murɗe kunnen nan bai tafi a banza ba. Ya ce in kin zo hutu zai zauna da ke a ɗaki ya gaya miki da bakinsa, iya abin da ya ga dama. Don haka ki zo, ki bar wayar a hannun yara.

Zan koma asibitin da guduma in gyara ƙusar nan kafin ya sake ganinta.

Ki huta lafiya.

Ƙaninki,
Barkono